Abin da ke Motsi a Cikin Keken Jiya

Ranar wata Alhamis, kwana goma sha biyu bayan saukar ruwan farko a Minna, Malam Sanda ya iso rumfarsa da ke ƙarƙashin mangwaro a Tudun Wada, ba da niyyar aiki ba, sai da niyyar kwashe kayansa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran keke a wannan wuri. Ya taho da buhu biyu da wani tsohon akwatin katako, ya yi bisimilla, ya zauna a kan bencinsa, ya shiga goge sifanoni da tsumma ɗaya bayan ɗaya yana jera su a cikin akwatin, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Kunne ne ya jawo haka. Ya fara nauyi a hankali, ta yadda shi kansa bai san ranar da abin ya soma ba. Da farko kukan kurciyoyin da ke kan mangwaron ne ya ɓace masa, har ya zaci sun yi ƙaura. Sannan kiran sallar masallatan nesa ya ɗauke, ya rage na ladanin unguwa kaɗai, shi ma kamar daga cikin rijiya. Malam Sanda bai yi ƙorafi ba, domin ya san ji aro ne, kuma Mai shi yana da ikon karɓar abinsa a sa'ar da ya so. Sai dai sana'arsa, yadda ya gaje ta, ta kunne ce kafin ta zama ta hannu.

Mahaifinsa Bakatsine ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna tun yana saurayi. Aikinsa a tasha shi ne bin taragai da guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu na ƙarfe. Lafiyayyar ƙafa takan yi amo mai tsawo irin na ƙararrawa, wadda ta tsage kuwa takan amsa a dusashe, kamar an bugi fasasshiyar tukunya. Shi ya bar wa Sanda wata 'yar guduma mai ƙotar ƙirya, da ita kuma Sanda yake auna ƙashin keke, wato bututun ƙarfen da aka haɗa suka zama jikinsa. Duk mai ɗaukar kaya mai nauyi a keke, daga Tagwai har Fadikpe, ya san cewa idan Malam Sanda ya ƙwanƙwasa ya ce lafiya, to lafiya ce.

Makonni uku kafin wannan Alhamis, wani mai sayar da kifi, Ndakotsu, ya kawo kekensa a duba masa. Malam Sanda ya ƙwanƙwasa kamar yadda ya saba, bai ji komai ba, ba mai kyau ba, ba marar kyau ba. Ya duba da ido bai ga aibi ba, sai ya ce, "Lafiya lau." Kwana huɗu bayan haka ƙarfen gaba ya karye a gangara, Ndakotsu ya faɗi da kwandon kifinsa, hannunsa na dama ya karye. Da Malam Sanda ya je gaishe shi, mutumin bai ɗora masa laifi ba, ya ce ƙaddara ce. Wannan ya fi zagi yi wa tsohon ciwo, domin ya san abin da ya aikata: ya ba da shaida a kan abin da bai ji ba. A ranar ya kira 'yarsa Rahmatu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta daɗe tana roƙonsa ya huta, ya ce mata ranar Alhamis ta samo mai Keke Napep bayan azahar a kwashe kayan. Ya ce wanda ba zai iya tsare amana ba, bai kamata ya ci gaba da karɓarta ba.

Yana cikin naɗe 'yar gudumar a ƙyalle sai inuwa ta faɗo a kan akwatin. Ya ɗaga kai ya ga Alisabatu, matar marigayi Jiya, tana riƙe da ƙahon wani baƙin keke, da kwandon alayyafo ɗaure a baya. Jiya manomi ne a gefen madatsar ruwan Tagwai, Banufe, Kirista, abokin Malam Sanda na shekara talatin. Saboda wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa, ba su taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Matarsa ta ɗora daga inda ya tsaya.

"Kai, Bakatsine!" Ta ɗaga murya, domin ta san halin kunnensa. "Uwargijiyarka ya zo, kana zaune?"

"Maman Patricia! Wa ya kwance ki kika shigo gari ba izinina?"

"Izininka! Kai da muka saya da ƙwaryar kifi ɗaya, har aka ba mu canji."

Suka yi dariya, suka gaisa gaisuwa ta gaske, ya tambayi 'ya'ya da lambu. Sannan ta jingine keken a jikin mangwaro ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Keken Baban Patricia ne. Yana magana."

"Yana me?"

"Magana! Ƙacau, ƙacau, a cikin cikinsa. Tun da na fara hawansa. Na kai wa Wisdom mai walda a Fadikpe, ya ce ƙarfe ne ya tsage ta ciki, sai a yanke a yi walda, ko in ba 'yan gwangwani. Patricia kuma ta ce in na sake hawa za ta kulle ni a ɗaki. Na ce babu wanda zai sa wuta a keken mijina sai bawansa ya duba."

Malam Sanda ya nuna mata akwatin da buhunan. "Kin makara da kwana ɗaya, ko ma in ce da shekara ɗaya. Yau nake rufewa."

"Ka rufe gobe."

"Kin ji abin da ya sami Ndakotsu."

"Na ji. Na kai masa miya ma." Ta zauna a bakin bencin ba tare da an ba ta wuri ba. "Ni ban ce ka ce lafiya ba. Na ce ka duba. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, in tafi."

Ya daɗe yana duban keken. Ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Shi ya sa masa wannan sarƙar, shi ya ɗaure wa kariyar bayan, inda ake ɗora kaya, wancan ƙarfen ƙari. Ya ce a ransa, wannan sharaɗi nata ba ya cikin abin da ya yi alkawarin bari, domin cewa ban sani ba ita ma shaida ce ta gaskiya. Ya sauke kwandon alayyafon ya sa a inuwa, ya sake buɗe akwatin.

Ya fara da abin da hannu da ido ke iya yi. Ƙara a keke, mafi yawanta daga waje take, kuma mai gaggawa ne kaɗai ke fara zargin ciki. Ya bi kowane noti da sifana. Ya girgiza kariya, ya girgiza marufin taya na gaba da na baya, ya matsa sandunan birki, ya riƙe murfin ƙararrawa. Ya kama feda ya jijjiga ta gefe da gefe ko boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, ya yi sako-sako. Ya bi wayoyin ƙafa biyu-biyu yana matsawa da yatsu. Komai daram. Ya goge kowace mahaɗa ta bututun da kananzir, ya duba ta da kyau ko zai ga layin tsatsa siriri kamar gashi, wanda tsaga ke bari. Bai gani ba. Amma a keken Ndakotsu ma bai gani ba.

Alisabatu ta tashi ta ɗaga ƙafar gaba ta sake ta a ƙasa. "Ka ji? Ga shi nan!" Ta sake yi. "Ka ji?"

Ya kara kunnen dama a jikin ƙarfen, sannan na hagu. Ya ɗauko gudumar mahaifinsa ya ƙwanƙwasa. Ya ga gudumar ta taɓa ƙarfe, ya ji ɗan tsalle a hannunsa, amma duniya ta yi shiru kamar an tsoma kansa a ruwa.

"Ban ji ba," ya ce. "Ko kaɗan."

Ta koma ta zauna a bakin bencin. Shi ma ya zauna, gudumar a kan cinyarsa. Can, don kada ya sallame ta da hannu wofi, ya ce, "Faɗa mini yadda yake yi. Yaushe ya fi yi?"

"Da rani, kullum. Safe, rana, yamma, kamar mai tallan gyaɗa. Amma tun da ruwa ya sauka ya canza hali. Da safe in na taso daga lambu, shiru, ko kaɗan-kaɗan. Sai rana ya yi zafi, ya fara surutu."

Malam Sanda ya sa ta maimaita, don ya tabbata bai karanta bakinta a karkace ba. Ta maimaita. Ya shiga jujjuya maganar a ransa. Tsaga ba ta san safiya ba, ba ta san damina ba. In ta fara kuka, sai dai ta ƙara. Guntun walda da ya ɓalle ta ciki, ko ƙwallon boris da ya ɓace a bututu, su ma ba ruwansu da raɓa. To wane abu ne a cikin ƙarfe da yake lafawa da danshi, ya farka da zafi? Bai sani ba. Amma tambayar ta hana shi mayar da gudumar cikin ƙyalle.

A ƙarƙashin mahaɗar feda akwai wani ɗan rami da aka bari don ruwa ya riƙa fita. Ya ɗauko tsohon tsinken waya na ƙafar keke don ya zura ya ji ko ramin ya toshe. Sai ya ga yana bukatar karkata keken tukuna, hannu biyu kuma aikin ke so, don haka ya yi abin da kowane mai gyara ke yi sau goma a yini ba tare da tunani ba: ya sa tsinken a baki ya cije shi da haƙora. Ya kama sirdi da ƙaho, ya sunkuya, ya karkato keken zuwa jikinsa. Ɗaya bakin tsinken ya tokari bututun da ke ƙarƙashin sirdi.

Ƙacau.

A tsakiyar kansa ya ji ta. Ba ta kunne ta shigo ba. Ta bi tsinken ta shiga haƙori, ta bi muƙamuƙi, ta tashi a cikin ƙoƙon kai, tsaf, a fili, kamar yadda yake jin abubuwa yana ɗan shekara ashirin. Ya firgita har tsinken ya faɗi. Ya tsaya a sunkuye, bai motsa ba.

"Lafiya? Bayanka ne?" in ji Alisabatu.

Ya tsinci tsinken, ya goge shi a riga, ya sake cije shi, ya kafa bakinsa a jikin bututun da gangan, ya girgiza keken. Ƙacau, ƙacau, ƙacau. Ba abu ɗaya ba ne, abubuwa ne da dama, masu tauri amma ba ƙarfe ba, suna tsalle suna komawa.

A nan wani abu ya dawo masa wanda ya shekara sittin bai tuna ba. Mahaifinsa, a shekarunsa na ƙarshe a tasha, idan ya bugi ƙafar tarago, yakan yi maza ya kafa kan gudumar a jikin ƙarfen, ya kuma danna ƙarshen ƙotar a kan haƙoransa na gefe, ya lumshe ido. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, suna cewa yunwa ce ta sa yake cin guduma. Iyalinsa ma sun ɗauka wata ɗabi'a ce ta tsufa. Malam Sanda ya juya 'yar gudumar da ke hannunsa ya dubi ƙarshen ƙotar. Ga su nan, ƙananan ramuka a jikin ƙiryar, waɗanda ya yi shekara arba'in yana shafawa da babban yatsa yana zaton gara ce ta taɓa. Sawun haƙora ne. Ashe tsohon ma kunnensa ya tafi, ƙarar injuna ta cinye shi, bai kuma gaya wa kowa ba, domin an buɗe masa wata ƙofa.

Hawaye ya zubo masa. Ya cire tsinken ya ce, a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Wanda ya gina ɗan Adam. Ya sa wa ji ƙofa biyu a fili, ya kuma ɓoye ta uku a cikin ƙashi, ya bar ta a rufe har ranar da bawa zai bukace ta."

"Me kake cewa?"

"Na ji, Maman Patricia. Na ji maganar keken."

"Da baki?" Ta riƙe haɓa. "Yesu! Dama an ce Katsinawa da baki suke komai."

Ya yi dariya hawayen na bin gemunsa. Sannan ya koma aiki, a natse, domin jin ƙara daban, sanin lafiyar ƙarfe daban. Ya rataye keken da igiya a reshen mangwaro don kada ƙasa ta shanye amon. Ya cije tsinken, ya kafa shi a bututun sama, ya ƙwanƙwasa. Amo ya tashi a kansa, dogo, siriri, ya daɗe kafin ya mutu. Ya yi hamdala. Bututun da ya gangara zuwa feda, haka. Ƙarfen gaba, ƙafa biyu, haka. Na baya huɗu, haka. Don ya tabbata ba zuciyarsa ce ke raya masa abin da yake so ba, ya jawo karyayyen ƙarfen keken Ndakotsu, wanda ya ajiye a ƙarƙashin benci don ya riƙa ganinsa, ya gwada shi ta wannan hanya. Ya amsa a dusashe, gajere. Bambancin a fili yake kamar na dare da rana. Ya daɗe riƙe da wannan ƙarfe kafin ya ajiye.

Saura bututun sirdi, inda ƙarar take. Sai an zare sirdin za a ga cikinsa, amma sandar sirdin ta kafe, tsatsa ta riƙe ta, ga alamar an taɓa dukanta da dutse daga sama. Ya kwance notin, ya ɗiga baƙin mai gauraye da kananzir a bakin mahaɗar, ya ɗan bubbuga kewayen, ya sake ɗigawa. Tsatsa ba a yi mata gaggawa. Ya ga mutane sun fara nufar masallaci, ya san azahar ta yi, ya bar Alisabatu tana yayyafa wa alayyafonta ruwa, ya tafi. A sujadarsa ya daɗe fiye da yadda ya saba.

Da ya dawo ya tarar da Rahmatu ta iso, mai Keke Napep na jira a bakin titi. Ta dubi akwatin a buɗe, da keke a rataye, da Alisabatu.

"Baba, mun yi magana."

"Mun yi."

Ta juya ga Alisabatu. "Mama, ke ma da kanki? Kin san abin da ya faru."

"'Yata, ki tsaya ki ga abin mamaki. Ubanki ya koma jin magana da haƙori."

Malam Sanda bai yi gardama ba. Ya miƙa wa 'yarsa wani tsinken, ya ce ta toshe kunnuwanta da yatsu ta cije shi. Ta yi, da fuskar wadda ke biye wa tsoho don girmamawa. Ya kafa bakin tsinken a ƙarfe ya ƙwanƙwasa. Idanunta suka buɗe.

"An koya mana wannan," ta ce bayan ta cire. "Ƙashi yana kai sauti. Har gwajinsa ake yi a asibiti, da wani ɗan ƙarfe a bayan kunne. Wallahi Baba, ban taɓa kawo shi a kan aikinka ba."

"Ni ma da aka bar mini shi a hannu ban kawo ba."

Suka sauke keken. Rahmatu da Alisabatu suka riƙe shi, shi kuma ya kama sirdin da hannu biyu ya murɗa. Ya ƙi. Ya ƙara mai, ya murɗa dama, ya murɗa hagu. A karo na biyar sandar ta motsa kamar faɗin farce, daga nan ta riƙa biyo shi kaɗan-kaɗan har ta fito, ja wur da tsatsa. Ya shimfiɗa ƙyallen gudumar a ƙasa. Suka juya keken, ƙafafu sama, ya bubbugi bututun da tafin hannu.

Abubuwa shida suka gangaro kan ƙyallen, suka tsaya. Ƙwayoyi ne masu tauri, baƙaƙe wuluk, kowace da ɗan farin ido a gefe.

"Gurjiya?" in ji Rahmatu.

Alisabatu ta durƙusa. Ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta kai kusa da ido. Da magana ta fito, da Nufanci ta fara fitowa, sannan ta dawo Hausa.

"Irin Baban Patricia ne. Baƙar nan mai ido. Daga wurin uwarsa ya kawo shi, babu mai shi a duk Tagwai." Ta share fuska da bakin zane. "In kaka ya yi, ba ya hawa keken nan, jaki yake mayar da shi. Sai ya cire sirdi gaba ɗaya, don buhu ya kwanta daidai a kan ƙarfe, ya turo daga gona. In ya gama ya mayar da sirdi ya buga da dutse. Buhun ƙarshe yana da huji, ni na ce zan ɗinke ban ɗinke ba. Sati biyu bayan nan ya kwanta, bai tashi ba." Ta jujjuya ƙwayar a tafin hannunta. "Ranar zaman makoki mata suka shiga rumbu, suka ga gurjiya, suka dafa wa baƙi. Ba su san iri ba ne. Ni kuma hankalina ba ya jikina. Har ƙwaya ɗaya ba a bari ba. Keken na rataye shi a ɗaki shekara guda, ban iya dubansa."

Malam Sanda ya gane sauran da kansa. Da rani ƙwayoyin sun bushe sun ƙanƙance, suna tsalle yadda suka ga dama. Da ruwa ya sauka, danshi ya riƙa bin sandar sirdi yana shiga, su ɗan kumbura su lafa da safe, rana ta gasa ƙarfen su sake sakewa.

"To shi ke nan," in ji Rahmatu, muryarta a sanyaye. "An gano. Keken lafiya lau ke nan, Baba?"

Kalmomin nan biyu suna bakinsa. Ya haɗiye su. "Ban gwada wannan bututun ba tukuna."

Suka sake rataye keken. Ya cije tsinken, ya girgiza: babu ƙacau. Ya ƙwanƙwasa saman bututun, amo ya yi kyau. Ya sauko tsakiya, ya yi kyau. Ya sauko can ƙasa, dab da mahaɗar feda, inda duk nauyin mahayi da kayansa ke sauka, ya ƙwanƙwasa. Amon ya mutu nan take.

Ya sake. Ya mutu.

Matan biyu suna kallon fuskarsa. Ya cire tsinken ya ce, "A nan bai yi mini daɗi ba. Ko tsaga ce, ko wani abu ne ya danne shi ta ciki. Ban sani ba. Kuma ba zan bari ki hau shi ba sai na sani."

Alisabatu ta gyaɗa kai, ƙwayoyin shida a dunƙule a hannunta.

Ya nemi doguwar waya, ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Ya zura ta cikin bututun har ta kai ƙasa. Ta taɓa wani abu mai laushi-laushi wanda ya cika wurin. Ya lallaɓa ƙugiyar ta gefensa, ya juya, ya ja a hankali, a hankali, yana tsayawa duk lokacin da ya ji za ta suɓuce. Sai da gumi ya jiƙa masa hula kafin abin ya iso baki. Ya tara tafin hannu.

Ta bakwai ce. Ita ta fi sauran zurfi, a inda ruwa ke taruwa, ta sha ta kumbura har ta ninka 'yan'uwanta, ta toshe bututun tare da laka da garin tsatsa. Baƙar fatarta ta tsage. Daga tsagar wata 'yar saiwa ta fito, fara fat, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, ta lanƙwasa kanta ƙasa tana neman ƙasar da babu.

Mai Keke Napep ya yi ta danna oda a bakin titi, mutum biyu suka ji ba su waiwaya ba, na ukun bai ji ba. Malam Sanda yana duban abin da ke tafin hannunsa, baƙin mai ya kewaye shi. Shekara ɗaya da rabi a cikin duhun ƙarfe, ba rana, ba ƙasa, ba wanda ya san tana nan, an yi ta jijjiga ta a kan duwatsun hanyar Tagwai. Amma an san da ita. An ƙidaya mata ɗigon ruwanta, aka aiko mata da shi ta tsakanin tsatsa da tsatsa, aka ce mata tashi, ta kuwa tashi. Kuma da an sa wa bututun wutar walda, ko da shi ya rufe rumfarsa jiya, ko da ya ce lafiya lau ɗazu don ya faranta wa mutane rai, da ta mutu a wurin ba wanda ya sani.

"Subhanallahi," ya ce. Ya sake cewa.

"Allah mai girma," in ji Alisabatu, tana kuka tana dariya. "Dubi ɗan banza, har ya fara noma babu gona. Halin mai shi ne sak."

Ta tsinko ganyen alayyafo mai faɗi, ta jiƙa shi, ya ɗora mata ƙwayar a kai da yatsu biyu. Ta naɗe, ta sa a cikin kwando can ƙasa inda ya fi sanyi. Shidan kuma ta ƙulle su a bakin zane, ƙulli biyu.

Malam Sanda ya wanke cikin bututun da tsumma a kan waya, ya buɗe ramin fitar ruwan da ya toshe, ya bar shi ya sha iska. Sannan ya cije tsinken, ya kafa shi a daidai inda amon ya mutu ɗazu, ya yi bisimilla, ya ƙwanƙwasa. Amo ya tashi, dogo, tsarkakakke, ya cika masa kai. Ya jira har ya ƙare da kansa. Ya zagaya ɗaya gefen ya sake, ya sake ta baya.

"Lafiya lau," ya ce. "Na ji."

Ya goge sandar sirdin, ya shafa mata giris, ya mayar, ya ɗaure notin. Ya ce wa Alisabatu daga yau kada a sake dukan sirdi da dutse, Nufawa su koyi amfani da sifana. Ta ce in ya zo cin gurjiya da kaka, a tsaye zai ci, kamar sauran bayi. Ta ɗaure kwandonta, ta fasa zuwa Fadikpe sayar da alayyafon, ta juya keken ta nufi hanyar lambu, domin ta ce wadda ta tsiro ba za ta kwana a ganye ba.

Rahmatu ta tafi ta sallami mai Keke Napep, ta dawo ta tsaya a kan akwatin. Ta sunkuya dab da fuskarsa.

"Baba, haƙoranka nawa suka rage?"

Ya bi su da harshe. "Goma sha ɗaya. Huɗu a cikinsu masu ƙarfi ne."

"To daga yau babu rake, babu ƙashin kaza, goro kuma sai an daka. Ran Litinin zan kai ka a duba su, a duba kunnen ma."

"Na yarda. Ranar da na huɗun nan suka tafi, ki kirawo mai Napep ɗin, ba zan yi musu ba." Ya fara fitar da sifanonin, ƙanana tukuna, sannan manya. "In kin tashi, ki biya gidan Ndakotsu. Ki ce masa ina nan zuwa bayan la'asar, akwai abin da ban gaya masa ba wancan zuwan. Kekensa kuma a turo mini shi."

Ya ɗauki 'yar gudumar ya sake duban ƙarshen ƙotar, ya yi wa mahaifinsa addu'a. Tsinken wayar kuwa ya wanke shi da sabulu, ya lanƙwasa masa 'yar kunne, ya rataye shi a ƙusa ɗaya da gudumar.